Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1865-1944): Tsakanin Albashi Da Cin Rani

Duk wanda ya saba bi ta tashoshin motar birnin Katsina bayan an kammala girbi, ya san abin da nake shirin faɗa. Tun da jijjifi za ka tarar da samari maƙil, kowa riƙe da 'yar jakarsa, ana ta cinikin kuɗin mota. Wasu Abuja suka nufa, wasu Legas ko Fatakwal, wasu kuwa ta Jibiya za su bi su faɗa Maraɗi, daga can su kama hanyar Agadas, sai Libiya ko Aljeriya in da sauran kwana. A da 'ya'yan manoma ne ke wannan tafiya, su dawo gida da faɗuwar ruwan shuka. Yanzu har da masu digiri a cikin ayarin, kuma da yawansu ba sa sa ranar dawowa. Kwanan baya na yi kiciɓis da wani tsohon ɗalibina a ɗaya daga cikin tashoshin nan. Ya rusuna ya gaishe ni, ya shaida mini cewa ya ajiye koyarwar da yake yi a wata makarantar kuɗi, domin albashin ba ya kai shi tsakiyar wata, zai tafi wata unguwa a gefen Abuja ya kama tuƙin Keke Napep wajen wani ɗan'uwansu. Na rasa abin da zan ce masa in ban da addu'a.

Tun daga ranar nake ta tambayar kaina, shin yaushe ne wannan al'amari ya soma, kuma me ya sa gwamnati bayan gwamnati ke zuwa da shirin samar da aikin yi, amma cunkoson tasha bai ragu ba? Neman amsa ya mayar da ni ga rayuwar marigayi Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. A zamaninsa ne mutanen ƙasar Katsina suka san albashi. A zamaninsa aka soma biyan haraji da kuɗin Turawa, kuma a zamaninsa cin rani ya zame wa ɗan talaka dole. Tare waɗannan abubuwa suka taso, har yau kuma a ɗaure suke da juna, shi ya sa nake ganin ya kamata mai karatu ya saurari labarin daga tushe.

An haifi Muhammadu Dikko a 1865. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina Gidado, daga zuriyar Fulanin Sulluɓawa. Durɓi yana cikin masu zaɓen sarki, amma gidan ba ya cikin masu gadon sarautar, domin tun 1807 da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarautar Katsina a hannun Dallazawa take. Birnin da Dikko ya buɗe ido ya gani ya riga ya ja baya daga ƙasaitarsa ta ƙarni na 18, lokacin da ayarin Larabawa da Buzaye ke sauke kaya a cikinsa. Baturen Jamus ɗin nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka Katsina a 1851, ya tarar da babban ɓangare na cikin ganuwa ya zama gonaki da kangaye, manyan fatake kuwa sun koma Kano. Dalili a fili yake. Sarakunan Haɓe da aka kora sun kafa Maraɗi, kuma daga can ake ta kai hare-hare ƙasar Katsina har ƙarshen ƙarnin. Inda babu kwanciyar hankali, ɗan kasuwa ba ya kwana biyu, mai sana'a kuma yana bin ɗan kasuwa ne. Ashe ke nan tun kafin Bature ya sa ƙafa, Katsina ta san asarar mutanenta masu jini a jika.

A cikin wannan hali Dikko ya tashi. Ya yi karatun allo, ya koyi hawan doki da sarrafa makami kamar sauran 'ya'yan sarakunan zamaninsa, yana da shekara ashirin da 'yan kai ya gaji sarautar Durɓi. Ya shafe kusan shekara ashirin a kanta, ya san yaƙin tsaron iyaka, ya san tara haraji, ya kuma san yadda ƙauye ke watsewa in an matsa wa mutanensa.

A 1903 Lugga ya iso Katsina bayan an ci Kano da Sakkwato. Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da yaƙi ba, amma zaman bai yi daɗi ba, a 1904 Turawa suka tuɓe shi suka naɗa Yero. Shi ma bai daɗe ba aka tuɓe shi a 1906, shekarar da tawayen Satiru ya tayar wa Turawa da hankali. A tsakanin waɗannan shekaru Durɓi Dikko ne ke ɗawainiyar baƙin, daga abincinsu har ma'aikatan ginin barikinsu, kuma a nan ne ya shaƙu da wani matashin jami'in mulki, H.R. Palmer, wanda daga baya ya zama Laftanar Gwamnan Arewa. Da shawarar Palmer aka tsallake Dallazawa aka ba Dikko sarauta a ƙarshen 1906. Babu amfanin ɓoye cewa naɗin bai yi wa mutane da yawa daɗi ba. Sarki ne da ya hau da hannun baƙi, yana kuma sane da cewa hannun da ya ɗora shi ya riga ya sauke sarakuna biyu a gaban idonsa. Duk wanda zai auna abin da Dikko ya yi da wanda ya kasa yi, dole ya riƙe wannan a ransa.

Aikin farko da ya fuskanta shi ne sauya yadda ake ci da masu mulki. A tsohon tsari, hakimai a birni suke zaune, jakadu ke fita ƙauyuka su tattaro haraji, kowa ya yanki rabonsa kafin saura ya iso fada. Turawa suka soke jakadanci, suka umarci hakimai su koma gundumominsu da zama. A Katsina aka soma gwada tsarin Baitulmali, inda za a zuba rabon sarki na haraji a taska guda, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a yi kasafi na shekara, sa'annan a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai da dogarai albashi tabbatacce. Zuwa 1911 tsarin ya bazu a sauran masarautun Arewa. Ba ƙaramin abu ba ne sarki ya yarda a raba aljihunsa da taskar jama'a, a ce shi ma ma'aikaci ne mai jiran ƙarshen wata. Dikko ya yarda, ya kuma tsaya har abin ya zauna. Daga wannan taska aka riƙa biyan malaman makaranta da malaman asibiti da na dabbobi da na gona, da magina da kafintoci da direbobi. Abin da muke kira aikin En'e ke nan, kuma shi ne kakan aikin gwamnatin da matasanmu ke bin layi suna nema a yau.

A matsayina na ɗalibin harshe, nakan lura da sawun da wancan zamani ya bari a bakinmu. Kalmomi irin su lebura da masinja da direba da fensho duk daga Ingilishi muka aro su. Akawu kuwa ta bakin Yarbawa ta shigo mana, domin mutanen Kudu ne ke riƙe da alƙalamin ofisoshin gwamnati da na kamfanoni a lokacin. Cin rani kuwa tamu ce tun asali. Hausawa sun daɗe da sanin cewa noman damina wata huɗu ne ko biyar, sauran watannin kuma baki ba ya hutu. Saboda haka magidanci ko saurayi kan fita ya ci abincin wani wuri, domin hatsin rumbu ya kai iyali baɗi. Almajirai da masaƙa da majema da 'yan koli duk sun saba da haka. Abin da ya sauya a zamanin Dikko shi ne dalilin fitar.

Turawa sun kashe kuɗin wuri, suka ce da sulalla da kwabbai za a biya haraji. A ƙasar Katsina ma har aka ɓullo da awon gonaki da taki, malaman taki suna bi gona gona suna ƙiyasta abin da kowa zai biya. Manomin da rumbunsa ke cike da gero amma ba shi da sule, mai laifi ne a idon hukuma. Hanya biyu ta rage masa, ko ya noma abin da kamfanonin Turawa ke saye, wato gyaɗa da auduga, ko ya tura ɗansa ƙwadago inda ake biya da tsabar kuɗi. A daidai wannan lokaci dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan watan Maris na shekarar, bauta ta soma mutuwa sannu a hankali har aka soke ta ɗungurungum a 1936. Alheri ne babba, sai dai dubban mutane sun fita daga gandayen iyayengijinsu ba gona ba jari, suka shiga sahun masu neman aikin lada.

Sai kuma jirgin ƙasa. A 1911 layin dogo ya iso Kano, ya ƙarasa kashe cinikin Sahara wanda dama yana kan gargara. Bai zo birnin Katsina ba. Reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa ne zuwa Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Funtuwa ta bunƙasa da injin gurzar auduga, kudancin masarautar ya samu kasuwa, amma birni da arewacinsa sai dai a ɗora gyaɗa a kan jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, a kai Kano. Audugar da aka noma a ƙasar Katsina a masaƙun Lankasha ta Ingila ake saƙa ta, a dawo mana da ita a matsayin akoko da atamfa, masaƙin gida yana kallo. Samari suka kama hanya, wasu Kano, wasu haƙar kuza a Jos, wasu Kurmi da Gwanja, wasu kuma suka bi hanyar Makka a ƙasa, suka tsaya aikin auduga a Jazira ta Sudan, inda aka buɗe babban shirin noman rani a 1925. Jikokinsu suna can har gobe.

Gaskiya ita ce ba fita kaɗai ake yi ba, ana kuma shigowa. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon sarautar Dikko ta raba Katsina da Maraɗi, kuma mulkin Faransa ya fi tsanani wajen aikin tilas da ɗibar soja. Mutane da yawa daga can suka tsallako suka zauna a arewacin Katsina da Daura. Talaka ba ya rubuta takardar koke, da ƙafarsa yake yanke wa hukuma hukunci. Duk hakimin da ya ga ƙauyukansa na raguwa, ya san an yi masa magana.

Amsar da Dikko ya fi ba ƙarfi ita ce ilmi. A 1921 aka soma karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Sarki ya karɓi makarantar hannu biyu a lokacin da yawancin iyaye ke ɓoye 'ya'yansu don gudun boko, ya kuma sa nasa 'ya'yan a makarantun zamani domin kada a ce ya jefa na wasu ya killace nasa. Daga wannan kwaleji aka yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita da Abubakar Imam. Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, ya koyar a cikinta, kuma shi ne ya rubuta tarihin Sarki Dikko da Hausa bayan rasuwarsa. Wajajen 1930 aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina da goyon bayan sarki, tana cikin na farko a Arewa. A zamaninsa aka gina asibitin birni, aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, aka soma koya wa manoma huɗa da garmar shanu.

Shi kansa bai zauna a fada yana jiran labari ba. A 1921 ya tafi aikin Hajji ta jirgin ruwa, ya zama sarki na farko mai ci a Arewa da ya yi haka a zamanin Turawa, ya bi ta Ingila ya gana da Sarki Joji na Biyar. Ya sake komawa Ingila sau da dama, ciki har da 1924 da 1933. Mutane sun fi tuna wasan folo da ya kafu a Katsina bayan tafiye-tafiyen nan, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne sarki ya je ya ga yadda wasu ke tafiyar da al'amuransu, ya dawo da niyyar gwadawa a gida.

To, amma mu auna faɗin ƙofar da aka buɗe. Kwalejin Katsina ta dukan Arewa ce, kuma daga buɗe ta zuwa 1938 da aka mayar da ita Kaduna, waɗanda suka bi ta cikinta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Turawa da gangan suka taƙaita ta, don ba sa son a yaye fiye da adadin gurabun da ke akwai. Wanda ya gama yana da tabbacin aiki, amma albashin En'e bai kai na takwaransa da ke aikin gwamnati ba, ƙarin girma kuma ya fi bin gida da sarauta a kan takarda. A 1943, shekara guda kafin rasuwar Dikko, Abubakar Imam, wanda ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya gana da Lugga a Ingila, ya kuma bayyana masa a rubuce irin ƙuncin da matasa masu ilmin zamani ke ciki a ƙarƙashin tsarin En'e. In masu albashi na kuka, ina ga mai biyan harajin da ake yanka albashin daga ciki?

Shekarun Dikko sun haɗu da masifu masu nauyi. An yi yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, an yi ta 1927 da ake kira Mai Buhu. Daga 1929 tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas, haraji kuwa bai sauka daidai da faɗuwar ba, ga fara ta afka wa gonaki. Manomi ya sayar da hatsinsa da kaka don ya biya haraji, ya sake sayensa da tsada da bazara. Sai Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, aka riƙa kwasar samari daga lardunan Arewa, har da Katsina, ana kai su haƙar kuza na 'yan watanni ala tilas, a kan lada ƙanƙani, cikin sanyin da ba su saba da shi ba da ƙarancin abinci. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu. Ta hannun En'e ake ɗibar, hakimi ya raba wa dagatai adadi, dagaci ya raba wa masu unguwa, kuma ba ɗan mai hali ake kamawa ba. Umarnin daga sama ya zo, sarkin da ya ƙi kuwa ya san makomarsa, amma wannan ba ya hana mu faɗi cewa tsarin da ya biya albashin malamin makaranta, shi ne ya ɗebi ɗan talaka ya kai ramin kuza. Ana cikin haka, ga yunwar 'Yar Gusau, Allah ya yi wa Sarki Dikko rasuwa a 1944, yana da shekara kusan 79. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, ya yi sarauta har 1981, kuma sarautar Katsina tana gidan har yau.

Me wannan rayuwa ke gaya mana game da manufofin gwamnatocinmu? Ni abin da na gani shi ne, mun gaji siffar da aka zana a zamanin Dikko, muka faɗaɗa ta, amma ba mu sauya ta ba. Har yanzu in gwamnati ta ce aikin yi, albashi take nufi. In ta ce inganta rayuwar ma'aikaci, mafi ƙarancin albashi take nufi. An sa shi Naira 125 a 1981, ya zama 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, sa'annan 70,000 a 2024. A 1981 waccan Naira 125 ta kai kimanin Dalar Amurka 200, ita kuwa 70,000 ba ta kai Dala 50 ba a ranar da aka sa wa dokar hannu, bayan cire tallafin man fetur da karyewar darajar Naira a 2023. Ko a hakan ma, dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, alhali alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya ba a ƙarƙashin tsarin hukuma suke ba. Tsohon ɗalibina da 'yan ƙwadagon gona da yaran shago duk ba da su ake wannan ciniki ba.

Shirye-shiryen samar da aiki kuwa ba a rasa su ba. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NDE a 1986, ta Obasanjo ta zo da NAPEP a 2001, wanda sunansa ya maƙale a jikin keken da ɗalibina zai je tuƙawa, ta Jonathan ta zo da SURE-P a 2012, ta Buhari ta zo da N-Power a 2016, inda aka riƙa ba masu digiri Naira 30,000 a wata na ɗan lokaci. Ba na musun cewa wasu sun amfana. Sai dai kusan kowane shiri yakan mutu ko ya suma tare da gwamnatin da ta haife shi, wanda aka ɗauka kuma ya koma inda ya fito. Hatta ƙidayar ma ta sauya fuska. A ƙarshen 2020 hukumar ƙididdiga ta ce kashi 33.3 cikin ɗari ba su da aiki, a farkon 2023 ta ce kashi 4.1 ne, domin sabon ma'auni yana ɗaukar duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Malaman taki sun auna gona don a san harajinta, mu kuma muna auna matasa ta hanyar da za ta rage mana jin kunya.

Abin da ba a taɓa fuskanta da gaske ba, tun daga wancan zamani, shi ne ranin kansa, wato watanni bakwai da mafi yawan matasan ƙasar Katsina ba su da abin yi a gida. Muna da madatsun ruwa na Zoɓe da Jibiya da Sabke, an kuma yi shekaru masu yawa ba a ci moriyar noman ranin da aka gina su dominsa ba. Muna noman auduga, amma masaƙun Kaduna da Kano da suka ɗauki dubban 'ya'yanmu aiki sun durƙushe. Hare-haren 'yan bindiga a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari sun raba manoma da gonakinsu, kamar yadda hare-haren ƙarni na 19 suka yi. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ya tsayar da cinikin da garuruwan bakin iyaka ke rayuwa a kansa. Mafitar da ta rage wa saurayi ita ce hanya, kuma hanyar tana cin rai. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su a kan hanyarsu ta zuwa Aljeriya. Maƙwabtanmu ne, harshenmu ɗaya.

Daga Dikko akwai abin koyi, kuma ya fi sa sunansa a filin wasa wahala. Ya gina abubuwan da suka rayu bayansa, domin Baitulmali ya haifi ma'aikatun kuɗinmu, Kwalejin Katsina kuma ita ce Barewa ta Zariya a yau, tsohon gininta ya zama gidan tarihi. Ya yarda a rubuta abin da ya shiga taska da abin da ya fita, har da nasa rabon. Ya sa 'ya'yansa a makarantar da ya kira talakawa su kai nasu. Gwamna ko ɗan majalisar da 'ya'yansa ke karatu a Ingila ko Dubai, yana kuma raba wa 'ya'yan talakawa babura da sunan tallafi, ya duba wannan da kyau. Akwai kuma abin gudu, wato mulkin da ya san adadin kawunan da za su biya, bai san adadin hannayen da ke zaune ba aiki ba. Dikko yana da uzurin cewa akwai Razdan a kansa. Shugabanninmu na yau mu muka zaɓe su, kasafin kuɗi a hannunsu yake, saboda haka wannan uzuri ba nasu ba ne.

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Shekara 110 ke nan bayan jirgi ya iso Kano ya bar Katsina a gefe. Jirgi ba ya zaɓen kaya, abin da aka kawo tasha shi yake ɗauka. In an tanadi ruwan noman rani da wutar lantarki da tsaro da masana'antun sarrafa amfanin gona, zai ɗauki tumatir da zare da fata da mai. In ba a tanada ba, samarin nan na tashar mota zai ɗauka, cikin sauri da araha fiye da da. Wannan zaɓi yana gaban gwamnatin jiha da ta tarayya, da mu 'yan boko da ke rubuta musu takardun shawara muna karɓar alawus.

Allah ya jiƙan Sarki Muhammadu Dikko, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da alherin da ya shuka. Ya jiƙan talakawan da suka biya harajin da aka gina Katsina da shi, da waɗanda suka kwanta a Jos da Jazira da cikin hamada ba a san kabarinsu ba. Ɗalibina kuma, da sauran 'yan'uwansa da ke bisa hanya, Allah ya tsare su, ya dawo mana da su gida lafiya, ya sa su tarar da abin yi. Amin.